Baƙon da Ya Ƙi Cin Geron Inna

Ni na jawo, ba kowa ba. Da na bar shi inda na gan shi, da mahaifiyata ba ta yi kwana ɗaya da wuni tana fushi da tsuntsu ba, tsuntsun ma da bai kai babban yatsana biyu ba.

A lokacin ina aikin zarto a wani sito na katako kusa da mina, wato tashar jiragen ruwa ta Jidda. Shekaruna ashirin da 'yan kai, ban yi aure ba, muna zaune ni da Inna a unguwar Kurayyat, a gidan da rabinsa langa-langa ne, rabinsa katakon akwati. Katakon da muke yankawa daga ƙasashen sanyi ake kawo shi, fari, mai taushi, in ka sa masa zarto sai wani ƙanshi ya taso kamar an jefa ƙaro a wuta. Shekara huɗu ina shaƙar wannan ƙanshi, ko sau ɗaya ban taɓa tambayar wace bishiya ce ba. A wurina katako katako ne, daga jirgi yake fitowa.

Wata safiya, wajen ƙarshen sanyi, na je ɗauko falanki daga tarin da aka sauke jiya, sai na ga wani abu a tsakanin katakai ya kumbura gashi kamar dunƙulen auduga. Na sa hannu na ɗauka, bai ko yi yunƙurin gudu ba. Wallahi da ban ga idonsa ba da na rantse babu komai a tafin hannuna, don rashin nauyi. Zuciyarsa kawai nake ji tana dukan fatata, fat-fat-fat.

Na san gwara, gari cike yake da ita. Na san kurciya, na san tantabara, na san fararen tsuntsayen teku masu ƙaraji a kan kifi. Wannan ban san shi ba. Bayansa launin ganyen da ya fara bushewa, tsakanin kore da toka, cikinsa fari-fari da ɗan rawaya a gefe. A saman idonsa akwai wani siririn layi mai haske, sai ka ce an ja masa gira, a tsakiyar idon kuma wani layi mai duhu ya ratsa kamar kwalli. Ƙafafunsa baƙaƙe ne, sirara kamar tsinken tsintsiya. Bakinsa kuwa allura. Na kalli bakin nan da kyau, na yaba, amma kaina bai kawo mini komai ba.

Na sa shi a hulata, da aka tashi hutun rana na kai shi gida. Na ce da Inna, "Ga wani ya sauka daga jirgi."

Wannan maganar ce kuskurena na farko. Inna ta shafe shekaru tana saukar alhazai. In jirgi ya iso daga Bur Sudan da mutanenmu, waɗanda suka yi watanni ko shekaru a hanya, a tsakar gidanmu wasu ke fara shimfiɗa tabarma kafin su wuce Makka. Tana da ƙa'ida, kuma duk unguwa an san ta da ita: wanda ya sauka daga jirgi ya shigo gidanta ba ya fita sai ya ci. Ruwa tukuna, sannan kunun tsamiya don cikin da teku ta hautsina, sannan tuwo. Ta sha ba da labarin wani tsoho da amai ya galabaita har ya rantse shi da abinci sai a lahira, ta zauna a gabansa da ludayi tun hantsi har azahar sai da ya shanye ƙwarya. Da wannan take taƙama, ba da zane ko awarwaro ba. Tana cewa babu mahaluƙin da ya taɓa kwana da yunwa a ƙarƙashin rufinta.

Ta leƙa hular ta ce, "Wayyo, miskin! Dubi yadda teku ta yi da shi." Ta ɗago ta harare ni. Ni ne ɗanta na fari, ba ta kama sunana. "Kai wannan, tsayuwa za ka yi? Ɗebo ruwa."

Ta tsoma yatsa a ruwa ta ɗiga masa a gefen baki. Ya haɗiye. Ta sake, ya sake haɗiyewa, har ya buɗe ido sosai ya girgiza jiki. Inna ta yi murmushin wadda ta san aikinta. Ta kife shi da kwando a inuwa, ta buɗe tulun da take ɓoye geronta, geron da alhazai ke kawo mata tsaraba daga gida, wanda ni kaina ba na ganinsa sai da azumi. Ta watsa masa rabin tafi ta ce, "Bismilla."

Ya kalli geron kamar an zuba masa tsakuwa.

Na koma aiki. Da yamma na tattara ragowar katako na fere su sirara, na haɗa masa ɗan keji mai kyau, har da sandar tsayawa da 'yar ƙofa. Da na iso gida na tarar da Inna a tsugune gaban kwando, kewaye da murafan gwangwani. Ta ba shi gero, ya ƙi. Ta surfa ta ba shi tsaki, ya ƙi. Ta jiƙa, ya ƙi. Ta ba shi dafaffiyar shinkafa, ta marmasa masa burodi, ta ɓare dabino ta mitsitstsike. Har kunun tsamiya ta dama masa a murfin kwalba. Ruwa kawai yake sha.

"Wane irin baƙo ka kawo mini?" ta ce. "Ɗan gidan uban waye shi da zai raina gero?"

Na ce wataƙila gajiya ce.

"Gajiya! Na ga gajiyayyu tun ba a haife ka ba." Ta juya ga tsuntsun, ta koma Larabci ko shi zai ji, tana lallashinsa ya ci. "Kul, ya habibi. Yalla, kul." Shi kuwa sai tsalle yake daga wannan gefe zuwa wancan, duk inda ya dira ya buga wutsiya ƙasa sau ɗaya, kamar mai dangwala hannu a takarda.

Muka mayar da shi keji. A ranar Inna ba ta ci tuwon kirki ba. Na ga ta kai loma biyu ta rufe kwano, ta ce ita ba ta iya haɗiye abinci baƙo na kallonta. Na yi dariya, ta ce in rufe mata baki. Da na dubi fuskarta na ga ba wasa take ba, sai na ji kunya. Na ji tsoro kuma, don na san abu ƙarami irin wannan ba ya jure yunwa, in ya mutu kuwa a gidanta zai mutu.

Da safe na ce bari in tafi da shi wurin aiki in nuna wa mutane, ko a sami wanda ya san shi. Ta ce ƙafarsa ba za ta taka waje ba sai ya ci. Na tafi hannu rabbana.

Wanda na fara tambaya shi ne dattijon da muke jan babban zarto tare, Bahaushen Sudan ne, kowa Baba yake ce masa. Na kwatanta masa, ya ce, "Zarzur ne." Haka suke kiran duk ƙaramin tsuntsu a can.

Na ce, "Baba, ba ya cin gero."

"Ƙarya yake. Ni da na tashi ina korar tsuntsaye a gonar dawa? Babu tsuntsun da ba ɓarawon hatsi ba ne. A bar shi da yunwa ka gani."

Na tambayi Bayamane mai gadin ƙofa, ya ce asfur ne, wato tsuntsu. Na ce na gode, ai ban ɗauka raƙumi ba ne.

Wajen hantsi aka aike mu bakin ruwa karɓo sauran kaya. Jirgin katakon na nan ba a gama sauke shi ba. A inuwar wani tari na ga ɗaya daga cikin ma'aikatan jirgin, hawaja, wato Bature, dogo, rana ta dafa shi ya yi ja har hancinsa na saɓa. Yana zaune yana fifita da hula. Ni ba na jin yarensa, Turancina bai wuce na lodi da sauke ba, shi kuma Larabcinsa bai wuce halas, wato shi ke nan, da shukran, wato na gode, ba. Amma tunda a jirginsu baƙon ya zo, na ce shi ya kamata ya amsa.

Na zaro fensirin aiki daga bayan kunne, na zana tsuntsu a jikin falanki. Zanen bai yi kyau ba, ya fi kama da kwaɗo. Na ja masa gira, na ja masa siririn baki, na nuna girmansa da yatsu. Hawaja ya kalla ya ɗaga kafaɗa. Sai na miƙe tafin hannuna na buga shi ƙasa, na ɗan matsa na sake bugawa, yadda yake yi da wutsiya.

Mutumin nan sai ya daina fifita. Ya kalle ni, ya tattara leɓe ya yi fito. Sauti biyu ne kawai, ɗaya sama ɗaya ƙasa, yana maimaitawa ba tsari, til-tal-tal-til-tal, kamar ruwa na ɗiga daga indararo cikin gwangwani biyu. Ya faɗi wani suna da ya yi kama da fiton, na kasa riƙewa, farkonsa kawai na kama, tiltal. Ya faɗa ya sake faɗa yana dariya, idonsa ya kawo ruwa. Ban yi zaton abin zai taɓa shi haka ba.

Na nuna jirgi, na nuna tsuntsun: a cikinku ya zo? Ya girgiza kai da ƙarfi. Ya buɗe hannuwa ya kaɗa su, ya nuna arewa, can nesa, ya yi ta tura hannu yana ƙara nisan. Na ce a raina wannan hawaja rana ta taɓa masa kai. Abin da iskar fanka za ta iya kayarwa ne zai ƙetare duniya da fiffikensa?

Sai ya karɓi fensirin. A gefen kwaɗona ya zana bishiya, irin da ban taɓa gani ba, doguwa, miƙaƙƙiya, faɗi a ƙasa tsini a sama, rassanta sun sunkuyo. Maimakon ganye ya yi ta jan ƙananan layuka kamar allurai. Ya zana wata, ya zana wata, har falankin ya cika. A kan tsinin ɗaya ya ɗiga ɗan ɗigo ya sake yin fiton. Sannan ya bubbuga falankin da muke zanen a kai, ya kankare shi da farce, ya kai hanci ya shaƙa, ya tura mini. Na shaƙa. Ƙanshin nan ne na kullum.

Na tsaya baki buɗe. Ashe abin da nake yankawa shekara huɗu gidan baƙon Inna ne. Ashe kejin da na yi masa jiya ma da bishiyar garinsu na yi shi. Na shafa falankin, a karo na farko na lura da zoben da ke cikin katakon da idanun da rassa suka bari, na yi ta ƙoƙarin hango wuri mai sanyi da duhun inuwa, bishiyoyi masu allura sun tsaya ba iyaka, wannan ɗan mitsitsin yana can ƙololuwa yana ta surutu.

Na tuna abin da ya kawo ni. Na kai yatsu baki, na nuna tsuntsun. Na zana ƙwayoyin gero. Hawaja ya ja tsaki irin nasu, ya soke geron da fensir. Ya ɗora yatsa a kan siririn bakin da na zana, ya bubbuga sau uku, kamar yana cewa ba ka da ido ne? Sannan ya zuba wa damtsena ido, ya kai hannu caraf, ya buɗe. Ƙuda.

Da ya fahimci cewa a keji muka sa shi, fuskarsa ta canza. Ya dunƙule hannuwa biyu ya buɗe su sama, ya ce, "Halas. Halas."

Da rana na isa gida da gudu. Tsuntsun ya daina tsalle, yana ƙasan keji ya sake kumbura gashi. Na kwashe labari duka na gaya wa Inna, bishiyoyin da fiton da nisan. Tana saurare har na zo kan abinci, sai ta katse ni.

"Ƙuda?"

"Ƙwari dai, Inna. Ƙananan ƙwari. Dubi bakinsa, ba na fasa hatsi ba ne."

"A'uzubillahi. In ba baƙona ƙuda? A gidana?"

Sai an san Inna da ƙuda za a gane nauyin maganar. Jidda ta wancan lokaci ƙuda ya fi mutane yawa, ita kuwa ta ɗaura yaƙi da shi tun tana amarya. Kowane kwano da faifansa, kowace randa da murfinta, mafici ba ya barin hannunta. Na ce mata hawajan ya ce a sake shi kawai. Ta ce hawaja ba shi ya sauke shi ba, kuma ba za a ce ta kori baƙo da yunwa ba don wani jan mutum ya yi fito.

Ta tashi. Da idona na ga mahaifiyata ta ɗauki ɓawon kankana ta ajiye a tsakiyar tsakar gida, a buɗe, ta tsuguna a gefe da mafici tana jira. Tana bugu tana tsaki, tana bugu tana istigfari. Ta tara guda bakwai ko takwas a murfin gwangwani, ta ɗauka da ɗan tsinke don kada hannunta ya taɓa, ta tura cikin keji tana kawar da kai. "To ga shi. Abin da ka zaɓa ke nan. Allah ya shirye ka."

Bai taɓa ba.

Inna ta zauna daɓas a ƙasa. Ta ce, "Na ba shi na kirki ya ƙi, na ba shi ƙazanta ya ƙi. Me na yi wa bawan Allahn nan?" Ni kuwa na fara zargin ko ban fahimci hawajan ba, ko kuma wani tsuntsun daban yake nufi, tunda da kwaɗo na kwatanta masa.

Muna nan zaune sai wani ɗan ƙwaro, ƙarami ƙwarai, irin masu bin ɓawon 'ya'yan itace, ya ratsa tsakanin sandunan keji. Ban ga tashin tsuntsun ba. Na dai ji ƙas, ya koma inda yake yana motsa maƙogwaro.

"Kin gani?" na ce. "Mai rai yake so."

"Na gani, ba makauniya ba ce ni."

Amma ƙwaro ɗaya ba abinci ba ne, kuma ba wanda zai iya kora masa su ɗaya bayan ɗaya. Rana ta take, langa-langa ya ɗau zafi, ya fara buɗe baki yana haki. Ban koma aiki ba ranar. Maƙwabciyarmu na da magarya, ita kaɗai ce bishiya a layinmu, reshenta ɗaya ya tsallako katangarmu. Na ce a bari in rataye kejin a can ko ya sha iska. Inna ta yarda, da sharaɗin ƙofa a rufe.

Na tura kejin cikin ganye na ɗaure. Ba a yi minti ɗaya ba baƙon ya miƙe. Ya maƙale a jikin sanduna, ya karkata kai yana leƙen ƙarƙashin wani ganye da ya shigo ciki, ya kai baki caf. Ya sake. Ya juye da ƙafafu sama ya zura bakin ta tsakanin katakai ya kai wa wani ganyen. Mu ba mu ga abin da yake ɗauka ba.

Inna ta matso. Ta kamo reshe ta juya ganye ɗaya, ta kai shi kusa da ido, ta nisanta, ta sake kusantowa. Ta miƙo mini ta ce in duba mata. A bayan ganyen akwai wasu 'yan halittu kore-kore, ƙanana kamar dusa, suna motsi a hankali. Shekara nawa muna shan inuwar magaryar nan, muna tsintar 'ya'yanta, ba mu taɓa sanin da su ba.

Ya cinye na ganyen da ke kusa. Sauran sun yi masa nisa. Ya yi ta zura baki yana miƙa wuya, saura kaɗan ya kai, bai kai ba, ya koma wani gefen ya sake gwadawa. Inna na tsaye tana kallo, hannunta ɗaya a ƙugu. Na buɗe baki zan yi magana ta ɗaga mini hannu. Ta daɗe a haka. Sannan ta yi ɗage, ta zare ɗan tsinken da na sakale ƙofar da shi.

Na ɗauka zai yi sama ya ɓace. Ina! Ya fito ya dira a reshen da ke dab da kanta, ya buga wutsiya, ya hau aiki. Ganye bayan ganye yake bi, sama da ƙasa, ya rataya, ya yi tsalle, wani lokaci ya tsaya cak a iska yana kaɗa fiffike ya tsinci abu a ƙarshen reshe. Ko sau ɗaya bai huta ba. Tun ina ƙirga cafkarsa har na bari. Ban taɓa ganin halitta mai kyau da ƙwazo irin wannan ba, na ji daɗi har cikin raina, na ce, "Alhamdu lillahi, Inna, ya ci! Ga shi a gidanki ya ci, reshen ai namu ne."

Ta juya ta kalli murafan gwangwanin da ke jere a ƙasa, da geron, da shinkafar da ta bushe, da kunun da ya yi tsami. Ta kai bakin mayafi ta share ido.

"Kar ka rufa mini," ta ce. "Tun jiya abincinsa na nan a saman kaina. Ni na tsare shi da yunwa."